Tambaya da Amsa: An ce hedikwatarmu ta koma Legas, in bi ko in zauna?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙu uku na ware saboda duk akan abu ɗaya suke zagaye, wato maganar ɗauke hedikwatar kamfani daga wani gari a kai wani. Masu tambayar bashin banki da adashe ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba, ban manta da ku ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Shekarata 11 ina aiki a wani kamfani mai hedikwata a Abuja, iyalina suna Kaduna, duk Juma'a in hau jirgin ƙasa in sauka Rigasa, Litinin da asuba in koma. Kwatsam watan jiya aka tara mu mitin aka ce hedikwata za ta koma Legas kafin ƙarshen shekara, wanda zai bi ya rubuta sunansa wanda ba zai bi ba a san yadda za a yi da shi. Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba. Matata malamar makaranta ce, yara huɗu, ga mahaifiyata ta tsufa. Kuma ni gaskiya tsoron mutanen Legas nake, wanda suke zuwa mana daga can ko gaisuwa basa tsayawa yi, sai ka ga kamar faɗa suke da kai. Dan Allah a bani shawara, kuma shin wannan ba wata dabara bace ta rage 'yan arewa? Daga wani ma'aikaci, Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa sannu, Allah ya kawo mafita. Bari in fara da ta ƙarshen don na san ita ce ke cinka a rai. Ban san zuciyar masu kamfaninku ba, amma abin da na sani shine duk inda aka ɗauke hedikwata sai an zubar da mutane a hanya, ko an yi niyya ko ba a yi ba, kuma masu kamfani sun san da haka tun kafin su sanar. Lokacin da Nissan mai ƙera motoci ta ɗauke hedikwatarta ta Amurka daga Kalifoniya ta kai jihar Tenesi a 2006, ko rabin ma'aikatan basu bi ba, kuma fa can babu maganar arewa da kudu irin tamu, kawai mutum ya dubi gidansa da makarantar 'ya'yansa da aikin matarsa yace a'a na gode. To mu nan tunda wanda zai fi jin nisan shine kai da irinka, sakamakon zai fito kamar an rage 'yan arewa ko da ba da wannan aka zauna ba. Wannan ne ya sa aka yi ta hayaniya a watan Janairun 2024 da Babban Bankin Najeriya yace zai mayar da wasu sassa Legas, ciki harda masu sa ido akan bankuna, sannan hukumar filayen jiragen sama FAAN ita ma tace hedikwatarta ta koma can. Babban bankin yace ginin Abuja na mutum 2,700 ne amma sama da 4,000 ke ciki, kuma bankunan da ake sa wa idon kusan duk hedikwatarsu na Legas. Sanata Ali Ndume ya fito ya yi zafi sosai, shi kuma Sanusi Lamido Sanusi wanda ya taɓa riƙe bankin yace matakin daidai ne. Kaga 'yan arewa biyu, kowa da inda ya kalla, kuma in ka natsu kowannensu akwai abin kamawa a maganarsa.

Toh mu dawo kanka. Kafin ka rubuta suna ko ka ƙi rubutawa, ka je ka zaro takardar ɗaukarka aiki ka karanta da kyau, yawanci akwai layin da ke cewa kamfani na iya tura ka duk inda ya ga dama a ƙasar nan, in yana ciki to ƙin tafiya zai iya zama kamar kai ka ajiye aiki da kanka, kuma lissafin wanda ya ajiye daban yake da na wanda aka sallama. Wannan "a san yadda za a yi da shi" da suka ce, kar ka yarda ya tsaya a baki. Ka tambaya a rubuce, nawa ne kuɗin tashi, wata nawa za su riƙe maka masauki, za a ƙara alawus ɗin gida ko albashin Abuja za ka je ka ci a Legas, akwai reshen da za a bari a Abuja ko babu, wanda bai bi ba me za a bashi. Haya a Legas ba wasa bace, kuɗin shekara za ka dire sannan ga na ejan ga na lauya ga wanda suke kira kuɗin ko-ta-kwana, kuma in ofis ɗin yana tsibiri kai kuma aljihunka ya kai ka Agege ko Ikorodu to ka sa a ranka ƙarfe 5 na asuba kana hanya, sallar ma wani lokacin sai a bakin ofis.

Yanzu maganar gaisuwa, wadda ita nafi so mu daɗe akai.

Ni ma na sha wannan. Farkon zuwana wani ofis a Legas neman talla, na shiga wajen wata mata manaja na zauna na gyara babbar riga na fara, ina kwana, ya aiki, ya iyali, ya muka ji da zafi, ban kai ga ya gajiya ba naga ta ɗan juya hannu ta kalli agogo tace dani minti goma gareta kafin wani mitin, me ke tafe dani. Wallahi sai da naji kamar an watsa min ruwan sanyi, na fito ina cewa wannan wace irin mata ce mara tarbiyya. Bayan sati biyu matar nan ta kira ni da kanta, ta biya kuɗin ranar da tace za ta biya ko kwana ɗaya bai ƙaru ba, abin da wasu masu gaisheni har ƙasa suka shekara suna min gobe jibi akai. Daga baya na fahimci ita ta bar gida tun duhu, ta sha gosulo akan gadar nan ta Third Mainland, kuma a wajenta mutunta ni shine kar ta ɓata min lokaci.

Akasin haka kuma na gani da idona a Kantin Kwari. Wani saurayi ɗan kamfani daga Legas aka haɗa ni da shi in raka shi wajen wani Alhaji dila, yaro mai kaifin kai da kwamfutarsa a jaka. Muka shiga, aka shimfiɗa mana darduma aka kawo ruwa da lemo, yaron nan ko ruwan bai taɓa ba ya zaro takardar yarjejeniya shafi wajen goma ya miƙa yana nuna inda za a sa hannu. Alhaji ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ajiye akan dilar atamfa, yayi murmushi yace to madalla, za mu duba, za mu yi waya. Muna fita yaron yana murna wai an gama, nace masa malam ba a fara ba ma, wannan "za mu duba" ɗin sallama ce. Mutumin da yake bada kayan miliyoyi bashi da baki kawai, a rubuta a ɗan littafi, saboda ya san uban gidanka ya san wanda ya kawo ka ya san masallacin da kake sallah, kai kuma ka zo masa da takarda tun kafin ya san sunan mahaifinka, ai kamar ce masa kayi ban yarda da kai ba.

Kuma kar ka ɗauka wai halin ƙabila ne kawai. Bayarabe wajen girmama babba ai sai dai mu koya, yaro zai kwanta ƙasa ya gaida dattijo, a ofis ma "sa" da "ma" basa barin bakinsu. Garin ne ya koya musu sauri. Legas kowa baƙo ne, wanda kuka yi ciniki yau wataƙila ba za ka sake ganinsa ba, babu mai unguwar da zai kira muku shi babu surukin da zai ja masa kunne, to dole takarda ta tsaya a madadin sanayya. Kano kuwa kasuwa ce da ta ginu akan fatauci da sanin asali tun zamanin ayarin goro na Gwanja, wanda ya ci amana sunan gidansu ne ya ɓaci ba nasa kaɗai ba. Bahaushen da ya shekara 20 a kasuwar Mile 12 ta Legas ka saurari yadda yake ciniki a waya, shi ma ya koyi gajarta gaisuwa.

Abin da zai fi cutar da kai a can, in ka tafi, kunya ce da kawaici. Mu an tarbiyyantar damu kar ka yabi kanka, kar ka katse babba, in an tambaye ka za ka iya gamawa ranar Laraba kace in sha Allah. Can in kace in sha Allah ka tsaya, ogan zai ɗauka kana zillewa ne, to ka faɗi in sha Allah ɗinka sannan ka ɗora da Laraba ƙarfe 12 zan turo. In kayi aiki ka tura imel ka saka wanda ya kamata su gani, domin wanda yayi shiru a mitin ana ɗauka bashi da abin faɗa ne, ba a lissafa masa ladabi. Maganar sallah da Juma'a kuma ka faɗe ta ranar farko a fili ba tare da rarrashi ba, Legas cike take da musulmi, ba baƙon abu bane a wajensu. Ai an ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma nemi ka ɗaura, amma ba a ce ka yanke kunnenka ba.

In ni ne kai, kuma lissafin kuɗin ya fita, zan tafi ni kaɗai tukunna in gwada shekara ɗaya, Hajiya da yara su zauna inda suke, malama ta riƙe aikinta. Sai dai ka sani babu sauran hawa jirgin ƙasa duk Juma'a, Legas zuwa Kaduna sai jirgin sama ko kwana a mota, ka sa kuɗin wannan a lissafi tun yanzu. Kuma ka zauna da mahaifiyarka kafin ka zauna da kowa. In kuwa ka zaɓi zama a reshen Abuja, babu laifi, amma ka shiga da sanin cewa ƙarin girma yafi sauka akan wanda oga ke haɗuwa dashi a lifta.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce ina karantar harkar kasuwanci, malaminmu yace wai kamfanin jirage na Boeing ya lalace ne saboda ya canza hedikwata. Ni dai abin bai shige ni ba, ya za a yi canza ofis ya sa jirgi ya faɗo? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Ƙanwata kin yi tambaya mai kyau, kuma ki gaida malamin naku, yana da rabin gaskiya. Boeing a garin Siyatil aka kafa shi a 1916, can masana'antunsa suke can injiniyoyinsa suke, shugabannin kamfanin da yawa su ma injiniyoyi ne da suka taso daga cikin masu ƙera jirgin. A 1997 ya haɗe da McDonnell Douglas, wani kamfanin ƙera jirage da aka san manyansa da matse kuɗi da kallon farashin hannun jari, kuma duk da Boeing ne ya saye su sai ya zama mutanen can ne suka fi ƙarfin faɗa a ji. Sai a 2001 shugaban lokacin Phil Condit ya sanar za a ɗauke hedikwata, aka sa garuruwa uku takara, Shikago da Dalas da Denba, Shikago ta ci bayan ita da jiharta sun yi alkawarin rangwamen haraji da tallafi na wajen dala miliyan 60. Mutum ɗari biyar ne kacal ko kusa da haka za su zauna a sabon ofis ɗin, dubban masu aikin suna nan inda suke. Kuma ba ɓoyewa aka yi ba, an faɗa cewa ana so manya su yi nesa da hayaniyar aikin yau da kullum don su kalli kamfanin gaba ɗaya. Harry Stonecipher da ya zo daga McDonnell Douglas ya kuma shugabanci Boeing daga baya, da bakinsa yace da gangan ya canza al'adar wajen don a tafi da shi kamar kasuwanci maimakon gidan injiniyoyi.

To kinga inda matsalar take. Da, injiniyan da ya ga abin da bai kwanta masa ba zai iya tako ƙafa ko ya ja mota ya sami oga, ko su haɗu wajen cin abinci. Yanzu tsakaninsu kilomita sama da 2,700, damuwarsa sai ta bi ta hannun mutum biyar, kowa ya ɗan rage mata zafi don kar ace shi ne mai kawo mummunan labari, kafin ta isa sama ta koma layi ɗaya a cikin rahoto. Ki tuna yadda saƙo ke canzawa in kin aiki yaro ya aiki wani yaron, Hausawa basu yi ƙarya ba da suka ce zuwa da kai ya fi aike.

A watan Oktoban 2018 jirgin Lion Air ƙirar 737 MAX ya faɗi a Indonesiya da mutum 189, a watan Maris na 2019 wani irinsa na Ethiopian Airlines ya faɗi bayan tashi daga Adis Ababa da mutum 157, harda 'yan Najeriya a ciki. Bincike ya nuna wata manhaja ce mai suna MCAS take danna hancin jirgin ƙasa bisa bayanin na'ura guda ɗaya tak, kuma ba a yi wa matuƙa cikakken bayaninta ba, ga gaggawar da ake yi don kar kishiyarsu Airbus ta kwashe kasuwa. Wannan shine abin da ya kayar da jiragen, ba adireshin ofis ba, a nan kina da gaskiya. Amma tunanin da ya sa aka ga nesa da masana'anta abin so ne, shi ne dai tunanin da ya sa gaggawa da tsimi suka rinjayi maganar injiniya, tashin hedikwatar alama ce ta ciwon kuma ta ƙara masa. In jarrabawa ce haka zan rubuta.

Abin dariya kuma a 2022 da suka tashi barin Shikago basu koma gida ba, sai suka ƙara nisa zuwa Arlington kusa da Washington babban birnin Amurka, dab da ma'aikatar tsaro da hukumar da ke sa musu ido, wato kusa da mai saye da mai hukunci. Sai da wani ɓangaren jikin jirgin Boeing na kamfanin Alaska Airlines ya ɓalle a sama a Janairun 2024, aka kawo sabon shugaba Kelly Ortberg a watan Agusta, shi ne yace shi kam a Siyatil zai zauna kusa da inda ake ƙera jiragen.

TAMBAYA: Malam don Allah me yasa manyan attajiranmu irin su Dangote da BUA duk hedikwatarsu ke Legas alhali 'yan Kano ne? Wannan ba gudun gida bane? Daga wani ɗan kasuwa, Kasuwar Singa.

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara kasuwa, amma kai ma in na tambaye ka sukari da fulawar da ke shagonka ta ina suka shigo ai ka san amsa. Tashar jiragen ruwa ta Apapa da Tin Can suna Legas, kasuwar hannun jari tana Legas, manyan bankunan da za su iya bada bashin gina matatar mai ta ganga 650,000 a rana suna Legas. Wanda harkarsa ta dogara da jirgin ruwa da dala dole ya kwana kusa da su. Kuma hedikwata daban masana'anta daban, simintin BUA na Sakkwato yana nan a Kalambaina, na Dangote mafi girma yana Obajana a jihar Kogi.

Ni abin da yafi min ciwo ba nasu bane, namu ne da muka bari ya zube. Bank of the North hedikwatarsa a Kano take, dogon ginin nan kowa ya san shi, manajan da zai sa hannu a baka bashi ya san Kwari ya san Dawanau ya san lokacin da kaka ke shigowa. Da Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, yace kowane banki ya kawo jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25, shi kuma Bank of the North ya narke cikin Unity Bank a 2006, aka fara da hedikwata a Abuja daga baya ita ma ta tattara ta koma Legas. Yau ɗan kasuwar da ke juya kuɗi masu nauyi a Singa in ya nemi bashi fayil ɗinsa sai ya je teburin wani yaro a Victoria Island wanda bai taɓa ganin kasuwar ba, ya nemi odit na shekara uku da takardar rajista, Alhaji kuma lissafinsa na cikin kansa da littafin yaron shago, sai a rubuta masa bai cancanta ba. Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 shi dai yana Abuja har yanzu.

Saboda haka in kana so su dawo, sai an basu dalilin dawowa, wuta a Sharaɗa da Bompai da Challawa, tashar tsandauri ta Dala ta yi aiki yadda ya kamata, jirgin ƙasa ya ɗauko kwantena daga teku ya dire a Kano ba tare da ta kwana goma a hanya ba. Kai kuma a naka ɓangaren Alhaji, ka yi wa shagon rajista, ka buɗe masa asusu da sunansa daban da na aljihunka, ka sami yaro mai ilimin akanta ya riƙa rubuta shige da fice ko da sau ɗaya ne a sati.